An Sake Jowan, Amma Injin Ban-ruwa Ba Shi Da Ƙarfi: Ta Ina Iska Ke Zurarewa?

Darasinmu na yau ya shafi injin ban-ruwa.

Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Saini Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani, lambu ya zama babban abin dogaro a jahar Damagaram. A Mirya, da Gidimuni, da kwarin Korama ta wajen Matamai da Kance da Magarya, ana noma rake, da tumatir, da kabeji, da salati, da albasa, da tattasai. A da, da guga da jigo ake ba da ruwa. Yau kuwa lambuna da yawa da inji suke sha.

Ƙasarmu mai yashi ce, ba ta riƙe ruwa. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce ma'auni 40. Idan inji ya tsaya kwana biyu ko uku, shuka sai ta yi yaushi, wahalar wata uku ta tafi a banza.

Ga matsalar da za mu duba. Inji ya yi zafi, jowan ya ƙone. An saya sabo, an sa, an ɗaure. Amma inji ya ƙi tashi, ko kuwa ya tashi ba ƙarfi, ruwa na fitowa kaɗan-kaɗan. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Su sake sayen jowan, su sayi fistan, su sayi kafireta, duk bisa tsammani. Abin da muke so mu koya shi ne: a gwada kafin a kwance, a saurara kafin a saya.

Kalmomin da za mu riƙe

Silinda: rami ne mai kama da turmi a cikin inji.

Fistan: ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, kamar taɓarya a turmi.

Kulas: murfin da ke rufe bakin silinda daga sama.

Jowan: shimfiɗa ce ƴar siririya da ake sawa tsakanin kulas da silinda don toshe kowace kafa. A Kano gaskit ake ce mata.

Sufaf: ƙofofi biyu ne ƙanana. Ɗaya ta shigar iska da mai, ɗaya ta fitar hayaƙi. Wasu na cewa bawul.

Zobba: ƙarafa ne masu kewaye fistan don hana iska wucewa ta gefensa. Makanikai na ce musu segiman ko ringi.

Buji: shi ke ba da tartsatsin wuta. Wasu na cewa fulogi.

Mene ne matsin iska?

Tarihi ya nuna cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a shekarar 1884, maƙeran garin nan suna ƙera igwa, ana kuma haɗa albarushi. Masu wannan aiki sun san abu guda. Idan aka zuba albarushi a fili aka sa masa wuta, sai ya yi fuu, ya mutu. Idan kuwa aka ɗura shi cikin bututu aka danne, sai ya yi ƙarfin tura harsashi. Ƙarfin yana zuwa ne daga dannewa.

Haka inji yake. Irin injin da muke aiki da shi, wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya fito da shi a shekarar 1876. Aikinsa mataki huɗu ne. Na ɗaya, fistan ya sauka, ya shaƙo iska da fetur. Na biyu, sufaf duka biyu su rufe, fistan ya hau, ya matse iskar nan har ta koma kashi ɗaya cikin 8 ko 9 na wurin da ta cika. Na uku, buji ya ba da wuta, abin ya fashe, ya tura fistan ƙasa da ƙarfi. Na huɗu, fistan ya sake hawa, ya kore hayaƙi waje.

Mataki na biyu shi ne matsin iska. Idan akwai kafa ko da ƙanƙanuwa ce, iska za ta zurare, fashewar ta yi rauni. Ku dubi zugazugin maƙeri: idan fatarsa ta huje, ko an yi ta zuga wuta ba za ta kama ba.

Hanyoyi huɗu na zurarewar iska

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin inji, manyan hanyoyin da iska ke bi ta gudu huɗu ne:

1. Ta sufaf da bai rufe sosai ba.

2. Ta jowan, ko ta fuskar kulas da ta karkace.

3. Ta zobba da jikin silinda da suka cinye.

4. Ta tsaga a kulas, ko ta ramin buji da zarensa ya lalace.

Aikinmu shi ne mu gano wace ce a cikin huɗun nan. Akwai ƙa'ida mai sauƙi: a fara da abin da hannu ya taɓa lokacin gyara, a fara kuma da abin da ba ya cin kuɗi.

Gwaji na ɗaya: a tabbatar matsin ne ya yi kasa

Ba kowane inji da ya ƙi tashi ne ya rasa matsi ba. A duba fetur, a duba wutar buji, a duba baƙin mai. Injuna da yawa suna da na'urar da ke hana su tashi idan baƙin mai ya yi ƙasa.

Idan waɗannan lafiya suke, sai a kashe makunni, a rufe famfon fetur, a cire buji. A toshe ramin buji da babban yatsa, wani ya ja igiya da ƙarfi. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙara. Idan iska ta taɓa yatsa kawai kamar numfashi, matsi ya yi kasa.

Amma yatsa ba ya ba da lamba. Abin da ya fi shi ne agogon awon matsi, wanda ake ɗaurawa a ramin buji. A buɗe totur gaba ɗaya, a buɗe cok, a ja igiya da sauri sau biyar ko shida har allura ta tsaya. Ana karanta awon da kilo, kamar yadda mai faci ke auna iskar taya. Tayar ƙaramar mota wajen kilo 2 take ɗauka. Injin Honda GX160, wanda aka kwaikwayi ƙirarsa a injuna da yawa da ke zuwa daga ƙasar Sin, yakan nuna tsakanin kilo 5 da kilo 8 da rabi, gwargwadon samfurinsa.

A lura da abu guda. Irin wannan inji yana da wata ƴar dabara a ciki wadda ke ɗan buɗe sufaf ɗin hayaƙi lokacin jan igiya, don ja ya yi sauƙi. Saboda haka laushin igiya kaɗai ba shaida ba ne. A ja da sauri, a dubi agogo.

Wani abin lura kuma: idan an daɗe ana jan igiya inji bai tashi ba, fetur yakan wanke man da ke jikin silinda, matsi ya ragu. A bar ramin buji a buɗe na ɗan lokaci fetur ɗin ya bushe, kafin a yi awo.

Gwaji na biyu: ratar sufaf

Wannan shi ne wurin da aka fi samun kuskure bayan an sake jowan. A injin da sufaf ɗinsa ke cikin kulas, duk lokacin da aka cire kulas aka mayar, ratar sufaf takan canja, domin kaurin sabon jowan ba lallai ne ya zo daidai da na tsoho ba.

Rata ita ce ɗan sararin da ake bari tsakanin kan sufaf da ƙarfen da ke danna shi. Idan babu rata, sufaf zai zauna a ɗan buɗe kullum, iska ta yi ta fita. Daga baya ma zafi ya ƙone bakinsa.

Ga yadda ake dubawa. A bar inji ya huce sarai. A cire murfin sufaf. A juya inji a hankali har fistan ya kai ƙololuwa, sufaf duka biyu suna rufe. A zura ma'aunin rata, wato ƴan siraran ganyayen ƙarfe masu lamba a jikinsu. A tsofaffin samfurin GX160, ratar sufaf ɗin shiga milimita 0,15 ce, ta fita kuma 0,20. Wasu sababbin samfura suna son 0,08 da 0,10. Don haka a karanta littafin inji. Don ku gane ƙanƙantar abin, kaurin takardar littafin rubutu wajen milimita 0,10 ne.

A duba kuma sandunan nan biyu masu tura sufaf. Ko sun zauna a mazauninsu? Ko ɗaya ta lanƙwashe? Gyaran rata ba ya buƙatar sayen kome, kuma sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa.

Gwaji na uku: cokalin mai

Idan rata daidai take amma matsi bai dawo ba, sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin buji. A ja igiya sau biyu a hankali don man ya bazu, sa'an nan a sake awo.

Idan allura ta tashi sosai, zobba ne suka cinye, ko jikin silinda ya karce. Man ya toshe kafar na ɗan lokaci, shi ya sa matsi ya ƙaru.

Idan allura ba ta motsa ba, laifin yana sama: sufaf, ko jowan, ko kulas.

Gargaɗi: wannan gwaji na injin fetur ne kaɗai. Kada a yi shi a injin gazuwal, domin man zai iya kama wuta a ciki ya fasa agogo, ko ya lanƙwasa ƙarfen fistan.

Gwaji na huɗu: a saurara da kunne

Wannan gwaji ya fi sauran nuna gaskiya. Ana bukatar iska mai ƙarfi, irin ta injin mai faci. A kai fistan ƙololuwa, sufaf duka a rufe. Mutum ɗaya ya riƙe inji da kyau don kada ya juya, domin iska za ta so ta tura fistan. A hura iska kaɗan-kaɗan ta ramin buji, a kasa kunne.

Idan iska na fita ta kafireta, sufaf ɗin shiga ne bai rufe ba.

Idan tana fita ta salansa, sufaf ɗin hayaƙi ne.

Idan tana fita da yawa ta bakin zuba baƙin mai, zobba ne. Ƴar ƙaramar shashsheka a nan ba laifi ba ce, kowane inji yana yinta.

Idan tana fita ta gefen kulas, jowan ne. A shafa ruwan sabulu kewaye da wurin. Inda kumfa ta taso, nan kafar take.

A injin da ake sanyayawa da ruwa, idan kumfa na tasowa a tankin ruwa, jowan ne ko tsaga a kulas.

Idan laifin jowan ne, me ya sa sabo bai toshe ba?

Jowan ba ya ƙonewa haka kawai. Yawanci zafi ne ke jawo shi. Zafin nan kuma yakan karkatar da fuskar kulas, musamman ta alminiyam. Kulas mai karkata ba ya danne jowan daidai, ko da sau goma aka sake shi.

A wanke fuskar kulas, a kankare ragowar tsohon jowan a hankali ba tare da karce ƙarfe ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, a tsaye, a kwance, da a karkace. A gwada zura ma'aunin rata a ƙarƙashi. Idan ganye mai lamba 0,10 ya wuce, karkatar ta yi yawa. Ƙaramar karkata ana iya gyara ta: a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a goga kulas a kewaye har fuskar ta yi haske ɗaya. Babbar karkata kuwa sai injin sassaƙar ƙarfe, ko a sake kulas.

Sauran dalilai su ne:

Jowan da ba na wannan inji ba, ko wanda aka sa a juye. Araha ba ta ado. A tafi kasuwa da tsohon jowan, a ɗora shi a kan sabo, a ga ko ramuka sun dace.

Datti ko mai a cikin ramukan kusoshi. Kusa za ta yi tauri a hannu, alhali ba ta danne kulas ba.

Ɗaurin da bai daidaita ba. Ba a ɗaure kusa ɗaya har ƙarshe a koma kan wata. Ana bin su gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Kusoshin kulas ɗin GX160 huɗu ne, ana ɗaure su da ƙarfin da littafi ya rubuta 24 Nm. Wannan daidai yake da a rataya lita 10 ta ruwa a ƙarshen lakile mai tsawon santimita 25. Wanda ya sa bututu a lakile don ƙarin ƙarfi yana iya cinye zaren ramin, sai kusa ta riƙa juyawa ba ta kamawa.

Sake amfani da jowan da aka riga aka danne. Jowan sau ɗaya ake matse shi. Shi ya sa muke cewa kada a kwance kulas sai an gama gwaje-gwajen nan huɗu.

Kada a jefar da tsohon jowan. Baƙin layin da ke jikinsa yana nuna wurin da wuta ta bi. A dubi wannan wuri a jikin kulas da kyau.

Injin niƙa da tarakta da mota

Injin gazuwal, wanda Rudolf Diesel ya kammala a Jamus a shekarar 1897, ba shi da buji. Yana matse iska ninki 16 zuwa 20 ko fiye, har ta yi zafin da zai kunna gazuwal da kansa. Saboda haka ƙaramar kafa ma tana hana shi tashi, musamman da sanyin safiya na watan Janairu. A injin niƙa, ban da abin da muka ambata, a duba sandar nan da ake ɗagawa don sauƙaƙa juya hannu. Idan ba ta saki sufaf gaba ɗaya ba, matsi ba zai taru ba. A duba kuma zoben jan-ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun fesa gazuwal.

A inji mai silinda huɗu, a auna kowace a rubuta. Bambanci tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan biyu maƙwabta sun yi kasa tare, jowan ya huje a tsakaninsu. Idan duka huɗu sun yi kasa bayan gyara, a duba bel ko sarƙar da ke juya sufaf, ko an sa ta a kan alamunta. Farin hayaƙi mai yawa, ko baƙin mai da ya koma kamar madara, alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Tsakaninmu da makanike

Idan gyara bai yi ba, rai yakan ɓaci. Amma kafin a zargi kowa, a tuna cewa inji mai tsofaffin zobba yana iya ƙone jowan, a sake jowan, zobban kuma suna nan yadda suke. Mai lambu ya koma wurin makanike da ladabi, ya ce: "Malam, don Allah mu auna matsi tare. Mu duba rata, mu zuba cokalin mai, mu saurari iska." Makanike na kirki ba zai ƙi ba, domin shi ma sunansa yake karewa. A yi jinga kafin a fara aiki, a karɓi duk tsohon kayan da aka cire.

Mu da muka koyi rubutu, mu sami ƙaramin littafi don inji. A rubuta ranar gyara, da abin da aka sake, da lambar da agogo ya nuna. Idan an san awon inji lokacin da yake lafiya, ganewa ba ta wuya ranar da ya yi ciwo.

Rigakafi ya fi magani

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamadar ƙasar Cadi tsakanin Disamba da Fabrairu, ita ce babbar abokiyar gabar zobba. Tana cin su kamar yadda dutsen wasi ke cin wuƙa. Kada a tayar da inji ba matatar iska. A wanke matatar akai-akai a lokacin ƙura.

A sake baƙin mai bayan awa 20 na farko a sabon inji, daga nan kowace awa 100. A duba shi kowace safiya.

A share laka da ciyawa daga haƙarƙarin silinda, domin ta nan zafi ke fita. Kada a cire murfin fanka. A yi wa inji ƴar rumfa mai shan iska.

Kada a watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Yana karkatar da kulas, yana kuma tsaga shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A duba inji tun watan Oktoba, kafin a dasa iri. Ƙungiyar masu lambu tana iya haɗa kuɗi ta sayi agogon matsi ɗaya, da ma'aunin rata, da lakile mai awo, kowa ya riƙa ara.

Mu kula da lafiyarmu

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kashewa. Kada a tayar da inji cikin ɗaki. Kada mutum ya shiga rijiya ko rami mai zurfi inda inji ke aiki, ko inda bai daɗe da tsayawa ba. Idan wani ya faɗi a ciki, a kashe inji, kada a bi shi ba igiya a ƙugu da mutane a sama. A fitar da shi sarari, a kai shi likita nan da nan.

Kada a sha taba kusa da fetur. Kada a tsotsi fetur da baki. Tsohon baƙin mai kuwa kada a zuba shi a lambu ko kusa da rijiya.

Tambayoyi don ajin karatu

1. Faɗi hanyoyi huɗu da iska ke bi ta zurare daga silinda.

2. An zuba cokalin mai, allura ta tashi. Ina laifin yake?

3. Iska na fita ta salansa. Wane sufaf ne bai rufe ba?

4. Me ya sa ba a ɗaure kusa ɗaya har ƙarshe kafin sauran?

5. Inji yana aiki awa 5 kowace rana. Bayan kwana nawa zai cika awa 100?

Ku rubuta amsoshin a littafinku, ku karanta wa maƙwabcin lambu wanda bai samu zuwa aji ba. Allah ya ba da amfani mai albarka.